ƘARO WA MALAMAN SAKANDARE ILMI KAN KOYAR DA RUBUTU

Gabatarwa

A kowace shekara ɗaliban Nijeriya fiye da miliyan ɗaya suna zama jarrabawar kammala sakandare ta hukumar WAEC, wasu kuma masu yawan gaske suna zama ta hukumar NECO. A cikin takardun jarrabawar nan babu wadda ke tayar wa yara hankali kamar ta Turanci, domin a nan ne ake bukatar ɗalibi ya zauna ya rubuta insha'i mai kalmomi kamar 450 daga cikin kansa, ba tare da an jera masa amsoshi ya zaɓi ɗaya ba. Wanda kuwa bai sami kiredit a Turanci ba, ƙofar jami'a a rufe take gare shi, ko da ya ci lissafi da kimiyya da kyau.

Matsalar ba ta tsaya a ɗakin jarrabawa ba. Yaron da ya shekara shida a sakandare, amma ya fito bai iya rubuta takardar neman aiki ba, ko rahoton taron ƙungiya, ko wasiƙar kuka zuwa ga hukuma, zai ci gaba da neman wanda zai rubuta masa, kamar yadda kakanninsa suka riƙa biyan masu rubuta wasiƙa a ƙofar gidan waya. In haka ta faru, kuɗin da iyaye da gwamnati suka kashe a kansa bai haifi abin da aka yi fata ba.

Wannan ƙasida za ta bayyana dalilin da ya sa gyaran wannan al'amari yake farawa daga malami, da irin horon da malamin sakandare ke bukata bayan ya kama aiki, da kuma abin da ya rataya a wuyan hukumomi da shugabannin makarantu da iyaye.

Abin da Ake Nufi da Koyar da Rubutu

Mutane da yawa in sun ji an ce rubutu, sai hankalinsu ya tafi ga kyan hannu, watau iya zana baƙaƙe a kan layi. Wannan aikin firamare ne. A sakandare ana nufin ɗalibi ya iya tattara tunaninsa, ya jera shi daki-daki, ya zuba shi a takarda yadda wanda ba ya nan zai karanta ya gane ba tare da an yi masa ƙarin bayani ba. A ciki akwai labari, da siffantawa, da bayani, da muhawara, da wasiƙar hukuma da ta zumunci, da rahoto, da taƙaita dogon bayani cikin 'yan jimloli.

Yadda hukumar WAEC ke raba makin insha'in Turanci yana nuna abin da ake nema. Maki 50 ne gaba ɗaya. Ana ba da 10 saboda abin da ɗalibi ya faɗa, 10 saboda tsarin da ya bi, 20 saboda yadda ya sarrafa harshe, 10 kuma saboda kiyaye nahawu da haɗa baƙaƙe da alamomin rubutu. Ke nan malamin da ya ƙare shekara yana farautar kurakuran nahawu kaɗai ya bar mafi yawan aikin a baya.

Dalilin da Ya Sa Malami Ke Bukatar Ƙarin Horo

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Malamai da dama sun fito daga kwaleji ko jami'a da ilmin adabi da na nahawu mai yawa, amma ba a taɓa zaunar da su an nuna musu yadda za su ɗauki yaro daga farar takarda zuwa cikakken insha'i ba. Saboda haka sai malami ya koyar kamar yadda aka koya masa: ya rubuta kan magana a allo, ya ce a kawo gobe, ya karɓa, ya cika takardar da jan biro, ya sa maki, ya mayar. Yaro ya dubi makin, ya ninke littafin. Mako mai zuwa ya sake kuskuren da ya yi. Wannan gwaji ne ake ta maimaitawa, koyarwar kuwa ba a yi ta ba.

Akwai kuma yawan ɗalibai. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta tanadi ɗalibai 40 ga malami ɗaya a ajin babbar sakandare, amma a makarantu da yawa, musamman na birane, aji ya wuce haka nesa. A ɗauki misalin malamin da ke da aji biyar, kowanne da ɗalibai 60. In ya ba da insha'i ɗaya, littattafai 300 ke jiransa. Ko minti biyar kaɗai ya ba kowane littafi, ya ci awa 25. Malamin da bai san wata dabara ba, abin da zai yi shi ne ya rage ba da aiki, har ya zama yara ba sa rubuta kome sai sau biyu ko uku a zangon karatu. Rubutu kuwa kamar saƙa ne ko ƙira, da yawan yi ake ƙwarewa.

Hukumomin da Aikin Ya Shafa

Ƙaro wa malamai ilmi ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. A shekarar 1976, lokacin da aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, watau UPE, an kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna, wadda aka fi sani da NTI, domin horar da malamai suna bakin aiki ta hanyar karatu daga nesa da kwasa-kwasan lokacin hutu. A 1977 aka fitar da Manufar Ilmi ta Ƙasa, wadda aka yi ta sabuntawa a shekarun baya, ta kuma yarda cewa ilmin ƙasa ba zai wuce ingancin malamanta ba. A 1988 aka kafa hukumar NERDC mai tsara manhajar karatu, a 1989 kuma hukumar da ke kula da kwalejojin ilmi masu ba da takardar NCE.

Dokar 1993 ta kafa Majalisar Rajistar Malamai ta Nijeriya, watau TRCN, wadda ke yi wa malamai rajista tana ba su lasisi, ta kuma fara jarrabawar tantance malamai a 2017. A tsarin wannan majalisa, ci gaba da ƙaro ilmi wajibi ne a kan malami mai rajista. Bayan haka, dokar 2022 ta ƙara wa malamai lokacin aiki zuwa shekara 65 da haihuwa ko shekara 40 a bakin aiki. Mutumin da zai yi shekara 40 yana tsayawa gaban aji ba zai dogara da abin da ya koya yana saurayi kaɗai ba.

Ya kamata jama'a su sani cewa sha'anin ilmi a Nijeriya na haɗin gwiwa ne tsakanin Gwamnatin Tarayya da jihohi. In an ɗebe kwalejojin Gwamnatin Tarayya, yawancin makarantun sakandare na gwamnati a hannun jihohi suke, ga kuma masu zaman kansu. Don haka horon malamai ba zai kai ko'ina ba sai kowace jiha da kowane mai makaranta sun ɗauki nasu kason.

Abubuwan da Kwas Mai Kyau Ke Ƙunsa

1. Malami ya yi rubutu da hannunsa. A 1974 wani malami mai suna James Gray ya fara wani shiri a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, a Amurka, inda malaman makaranta ke taruwa lokacin dogon hutu na 'yan makonni. Kowa yana nuna wa 'yan'uwansa darasin da ya gwada a ajinsa ya ga amfaninsa, kowa kuma yana yin nasa rubutun ana karantawa ana gyara masa. Shirin ya bazu zuwa jami'o'i da yawa na ƙasar. Tushensa abu biyu ne: malami ya fi saurin koyo daga malami ɗan'uwansa, sa'an nan mai koyar da rubutu tilas ya riƙa rubutu. Malamin da ya zauna ya yi ta fama da jimlar farko, ya soke, ya sake, ya ji kunyar karanta aikinsa a gaban mutane, shi ne zai san abin da ɗalibinsa ke ji, ya kuma san inda zai kama hannunsa.

2. Bin rubutu mataki-mataki. Ana koya wa malami ya raba aikin insha'i zuwa matakai, kowane mataki da lokacinsa a cikin aji. A ce kan maganar shi ne wasiƙa zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma game da lalacewar rijiyar burtsatse ta unguwa. Ranar farko ana tattauna batun da baki: yaushe ta lalace, su wa abin ya fi shafa, nawa ake sayen jarkar ruwa, me ake so a yi. Ana rubuta amsoshin a allo, a ware waɗanda suka dace da juna, kowane rukuni ya zama sakin layi. Rana ta biyu kowa ya yi rubutun farko, ba tare da fargabar kuskure ba. Rana ta uku a sake dubawa: shin an faɗi bukata a fili, shin akwai hujjar da ta fi ƙarfi da ya kamata ta zo gaba, shin lafazin ya dace da wanda ake rubuta wa? Sai daga ƙarshe a duba nahawu da alamomi, a kwafe da tsabta. Insha'i ɗaya da aka bi da shi haka ya fi biyar da aka ba yara su je gida su yi.

3. Malami ya yi a gaban yara. Gani ya kori ji. A kwas ana nuna wa malami yadda zai tsaya a allo ya rubuta sakin layi yana faɗin tunaninsa a fili, yana cewa wannan kalma ba ta dace ba, bari a canja ta, wannan jimla ta yi tsawo, bari a raba ta biyu. Daga nan aji ya haɗu ya rubuta sakin layi na biyu tare da shi, na uku kuma kowa ya yi nasa. Yara da yawa suna zaton marubuci yakan zauna ne kawai magana ta zubo masa a shirye. In sun ga malaminsu yana sokewa yana gyarawa, sai tsoron ya ragu.

4. Nahawu a cikin rubutu. Tun 1963 wani nazari da Richard Braddock da abokan aikinsa suka yi a Amurka ya nuna cewa koyar da dokokin nahawu su kaɗai, a ware da rubutu, ba ya ƙara wa rubutun ɗalibi wani inganci. Nazarin Steve Graham da Dolores Perin na 2007 ya zo da sakamako mai kama da wannan, ya kuma nuna amfanin koya wa ɗalibai dabarun shiri da sake dubawa, da taƙaitawa, da yin aiki tare, da haɗa jimloli. Wannan ba ya nufin a watsar da nahawu. Abin nufi shi ne a koyar da shi a kan jimlolin da yaran suka rubuta. Misalin haɗa jimloli shi ne a ba yaro waɗannan: "Audu ya tafi kasuwa. Audu ya sayi gero. Geron ya yi tsada." Sai ya mayar da su jimla ɗaya: "Audu ya tafi kasuwa ya sayi gero, ko da yake ya yi tsada." Wani yaron zai haɗa ta wata hanya dabam, sai a kwatanta a ga wadda ta fi.

5. Duba aiki a aji mai cunkoso. Wannan shi ne darasin da malamai suka fi bukata. Ba dole ba ne malami ya gyara kowane kuskure a kowane littafi. Yana iya sanar da aji cewa wannan makon abu biyu kaɗai zai duba, misali tsarin sakin layi da amfani da aya. Yana iya sa wa kuskure alama a gefen layi ya bar yaro ya nemo shi ya gyara da kansa. Yana iya karanta littattafai 15 daga cikin 60, ya tsamo kurakuran da suka fi yawa, ya yi darasi a kansu ga aji duka, mako mai zuwa ya ɗauki wasu 15. Yana iya raba yara huɗu-huɗu su karanta wa juna aikinsu, da 'yan tambayoyi a allo da za su bi. Ana kuma horar da malamai su zauna tare su sa wa insha'i ɗaya maki, kowa a ɓoye, sa'an nan su kwatanta. Sau da yawa akan sami tazara mai faɗi tsakanin makin wannan da na wancan, tattaunawar da ke biyo baya kuwa ita ce ke daidaita ma'aunin makaranta.

6. Rubutu cikin harsunan gida. Manufar Ilmi ta 1977 ta ba Hausa da Igbo da Yarbanci matsayi a makarantu, ana kuma zama jarrabawarsu a WAEC da NECO. Iya magana da harshe dabam yake da iya rubuta shi. Malamin Hausa yana bukatar ya ƙware a ƙa'idojin rubutu da aka yi ta daidaitawa tun zamanin Hukumar Talifi ta Zariya a shekarun 1930, da Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955, da taron Bamako na 1966. Yaro ya san bambancin kafa da ƙafa, da baki da baƙi, da bata da ɓata. Ya san ana rubuta "yana" da "gidansa" a haɗe, "abin da" kuma a rabe. Daɗin daɗawa, ɗalibin da ya iya tsara hujja da Hausa ya riga ya yi rabin tafiya wajen tsara ta da Turanci, don haka yana da kyau malaman harsunan biyu su halarci kwas tare.

7. Rubutu a sauran darussa. Rahoton gwaji a ɗakin kimiyya rubutu ne, haka amsar tambayar tarihi ko ta tattalin arziki. In malamin kimiyyar halittu ya ɗauki minti biyar na ƙarshen darasi ya ce kowa ya rubuta jimla uku kan abin da ya fahimta yau, yara sun yi rubutu, shi kuma ya gane wanda bai gane ba.

8. Sababbin abubuwan zamani. Ɗaliban yau suna rubutu a wayar salula kullum, da gajerun kalmomi da ba su da wuri a takardar jarrabawa, malami kuwa shi zai nuna musu cewa kowane wuri da irin lafazinsa. Tun ƙarshen 2022, da fitowar ChatGPT da makamantansa, ana iya sa kwamfuta ta tsara insha'i cikin ɗan lokaci. Malamin da ke sa yara su yi shiri da rubutun farko a gabansa ya san hannun kowane ɗalibi, ba shi da wuyar gane aikin da ba na yaro ba.

Abin da Ke Sa Kwas Ya Tashi a Banza

Hanyar da aka fi bi wajen horar da malamai masu yawa ita ce a horar da 'yan kaɗan a babban birni, su koma su horar da wasu a jiha, waɗannan kuma su horar da na ƙananan hukumomi. Hanyar tana da sauƙin kuɗi, amma saƙo yakan rage ƙarfi a kowane hannu da ya bi. Haka kuma taron kwana biyu da aka cika da lacca, aka raba takardar shaida da kuɗin mota aka watse, ba ya canja abin da ke faruwa a aji ranar Litinin. Wani aibin shi ne a tura wanda ba ya koyar da darasin, don kawai yana da uwa a gindin murhu.

Horon da ke kama jiki shi ne wanda malami zai gwada abin da ya koya a ajinsa, ya dawo da littattafan ɗalibansa a duba tare, a sake komawa a sake dawowa har tsawon zango ko shekara. A Japan an daɗe ana bin wata al'ada inda malamai ke shirya darasi ɗaya tare, ɗayansu ya koyar, saura su zauna a bayan aji suna lura da yadda yara ke fahimta, bayan an tashi su tattauna su gyara darasin. Wannan ba ya bukatar otal ko kuɗin tafiya. Makarantu uku ko huɗu da ke kusa da juna suna iya yin haka sau ɗaya a wata.

Aikin Shugabannin Makarantu da Iyaye

Shugaban makaranta shi ne zai ware wa malaman harshe lokaci a cikin jadawalin mako su zauna tare, ya tabbata wanda ya je kwas ya dawo ya koya wa saura, ya kuma riƙa duba littattafan ɗalibai don ya ga sau nawa suka yi rubutu a wata. Jaridar bango, da ƙungiyar marubuta, da gasar insha'i tsakanin azuzuwa, duka suna ba yara dalilin yin rubutu da kyau. Ba a manta ba cewa gasar rubutu ta 1933 ce ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, waɗanda dukansu malaman makaranta ne a lokacin. Sufetocin ilmi kuma, in sun kai ziyara, ya kamata su zo a matsayin masu taimako, su zauna a aji su ba da shawara.

Iyaye suna da nasu rabon, ko da ba su yi karatun boko ba. Uba yana iya cewa ɗansa ya karanta masa abin da ya rubuta a makaranta wannan mako. Uwa tana iya sa 'yarta ta rubuta mata lissafin adashi, ko wasiƙa zuwa ga dangi. In littafin insha'in yaro ya kai tsakiyar zango babu kome a ciki, hakkin iyaye ne su tambaya a taron iyaye da malamai, cikin ladabi. In kuma suka ga takardar da malami bai cika ta da jan biro ba, kada su yi saurin cewa malamin rago ne, wataƙila abu ɗaya ya sa a gaba a wannan makon. Ƙungiyar iyaye da malamai tana iya taimakawa da littattafan karatu a laburare, gama yaron da ba ya karatu ba shi da inda zai samo kalmomi da salon jimla.

Kammalawa

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ana kira ga malaman sakandare su nemi rajista da lasisi, su halarci kwasa-kwasan da aka shirya musu da niyyar koyo, su kuma fara zaman ƙara wa juna sani a makarantunsu ba tare da jiran takarda daga sama ba. Ana kira ga ma'aikatun ilmi na jihohi da masu makarantu su sa horon malamai cikin kasafin kowace shekara, su bi sawu su ga abin da ya canja a aji. Malami ɗaya da ya ƙware a koyar da rubutu, in yana da ɗalibai 300 a shekara, a cikin shekara goma dubban yara za su bi ta hannunsa. Mai neman ƙarin bayani sai ya tuntuɓi ma'aikatar ilmi ta jiharsa, ko ofishin NTI ko na TRCN mafi kusa da shi.